Gidan Sauro a Kan Barkono

Kafin a kawo ni Suleja ina ganin na san sauro. Ni da na tashi a cikin birnin Kano, gidanmu na kallon kududdufi, har cika baki nake yi cewa babu sauron da zai ba ni tsoro. Ashe 'yan koyo na sani. Sauron Kano yana da lokacinsa, ya zo da damina ya yi abin da zai yi, sanyi na shigowa ya tattara ya ba mutane wuri. Na Suleja kuwa ɗan gida ne, ba ya zuwa ko'ina.

An kawo ni ne a shekarun da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas ta dawo Abuja, gari ya cika ya batse da ma'aikatan da ba su sami wurin kwana a can ba. Maigidana akawu ne a wata ma'aikata, kullum da sassafe ya bi bas ya tafi, sai bayan magariba ya dawo a gajiye liƙis. Muna haya a Hashimi, ciki da falo, a wani gida mai ɗakuna goma sha biyu da yare ya kai bakwai. Wata biyu da zuwana zazzaɓi ya kwantar da ni. Maƙwabciyata, wata Bayarabiya mai sayar da burodi, ta sayo min kilorokin a kemis. Zazzaɓi ya sauka, ƙaiƙayi ya hau. Kwana uku ina susa, da farce, da mataji, har da bayan cokali, ita kuma tana tsaye a bakin ƙofa tana dariya tana cewa, "Amariya, sorry o! Haka yake yi. Idan ya ƙaiƙaya, ya yi aiki ke nan." Tun daga ranar na ƙulla gaba da sauro, gaba ta har abada.

Bayan shekara Allah ya ba mu 'ya mace. Aka sa mata sunan surukata, mahaifiyar maigidana, wadda kowa ke kira Inna. Nan fa bakina ya ɗinke ta hanya biyu. Na farko 'yar fari ce, kuma a irin tarbiyyar da aka yi mana, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi. Ko faɗuwa ya yi a gabanki, sai ki kau da kai ki bar wata ta ɗauka. Na biyu kuma sunan suruka ne, wanda ko da wasa ba zai fito daga bakina ba. Don haka a gaban mutane ita "yarinyar nan" ce. A cikin ɗaki kuwa, in na turo ƙofa, Allah kaɗai ya san irin shirmen da nake yi mata. Ina son yarinyar nan kamar in haɗiye ta, kuma dole in yi kamar ajiya aka ba ni.

Inna ba ta zaune a cikin gari. Tana wani ƙauye ne a gefen rafin da ke zuba a Gurara, in ka bi hanyar Gawu Babangida ka sauka daga kwalta, ka yi tafiyar ƙasa kamar ta rabin awa. Wuri ne mai kyau, ban hana shi ba. Ga fadama shimfiɗe da shinkafa da rake, ga mangwaro ko'ina, ga kifi. Amma da la'asar sakaliya, in iska ta kwanta, sai ka ji fadamar nan ta ɗauki wani irin amo, kamar ana kaɗa zare a nesa. Ranar da na fara zuwa gaisuwar salla na tambayi maigidana ko mene ne. Ya ce, "Masu garin ne suke shirin fitowa."

Ita Inna doguwa ce, siririya, mai ƙarfin tsiya, ga barkwanci. 'Yar Kano take ce min. Tana sona, ni ma ina sonta, sai dai ra'ayinmu a kan sauro ya sha bamban. A wurinta sauro maroƙi ne kawai, ya yi maka kiɗa a kunne ya karɓi ɗan abin da zai karɓa ya wuce. Zazzaɓin damina kuwa ta san masu kawo shi sarai: sabuwar masara, ɗanyen mangwaro, da ranar da ke buɗewa bayan an ɗauke ruwa. Maganinsa ma ta sani, a dafa ganyen darbejiya da na gwanda da na mangwaro, a lulluɓe mutum da bargo ya yi sirace har ya jiƙe sharkaf, sannan a ba shi ya kurɓa. Na taɓa kurɓa sau ɗaya don kara. Har yau in na tuna sai bakina ya yi ɗaci.

Da yarinyar nan ta kai shekara ɗaya da wata tara, Inna ta aiko da saƙo: lokacin yaye ya yi, a kai mata takwararta. Haka al'ada take, kaka ce ke yaye, yaro ya yi wata ɗaya ko biyu a wurinta har ya manta da nono. Ba a musu a kan wannan, balle 'yar fari, balle mai sunanta. Sai dai saƙon ya zo ne a tsakiyar damina, lokacin da masara ta fara bunƙasa, rafin nan ya cika ya tumbatsa ya bar tabkuna ko'ina.

Na sami maigidana yana cin tuwo na ce, "Malam, a bari mana sai kaka, in ruwa ya ɗauke."

Ya ce, "Ke za ki je ki faɗa wa Inna, ko ni?"

"Kai ne ɗanta."

"Shi ya sa na san amsar da zan samu. Za ta ce, wato 'yar Kano ba ta yarda da riƙona ba." Ya kai loma. "Ni ba a can na girma ba? Ga ni nan garau."

Na dube shi, ga shi nan garau kuwa, har da ɗan tumbi. Amma ba a banza aka haife ni a Kano ba. Washegari na shiga kasuwa na sayo gidan sauro, fari sol, sabo a leda. Matsalar ita ce ba zan iya cewa na yarinyar ne ba, don wannan rashin kunya ne ƙarara, kamar na ce wa Inna ga yadda za ki kula da 'yata. Sai na naɗe shi a cikin kayan yarinyar na ce wa maigidana ya ce tsaraba ce na aiko wa Inna, ta rinƙa kwana a ciki. Lissafina mai sauƙi ne. Yarinya a bayan Inna za ta kwana, in Inna ta shiga gidan sauro, ita ma ta shiga. Har yaba wa kaina dabara na yi.

Ranar Asabar ya ɗauke ta suka tafi. Ban raka su ko zaure ba, saboda matan gida na zaune a tsakar gida suna kallona. Na ci gaba da tsintar shinkafa kamar ba abin da ya faru, har wata tana cewa, "Kai, Amariya akwai kawaici." Da suka watse na shiga ɗaki na kifa kai a kan ɗan zanen goyonta na yi kuka mai isata.

Kwana takwas na daure. Ƙirji ya kumbura ya sace, ɗaki ya yi min faɗi, na rasa abin yi da hannuwana. A na tara na ce wa maigidana ai kuwa na tuna, kukar miya da daddawar da aka aiko min daga Kano tun watan jiya, rabin na Inna ne, kada su lalace. Ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Kuka ce za ta lalace?" Na ce ta bana ba ta da ƙarko. Ya yi dariya ya ce in gaishe ta.

Na isa ƙauyen da hantsi ya dubi ludayi. Tun kafin in yi sallama na hango wani farin abu a bayan gida, a shimfiɗe a kan 'yan sanduna, yana ƙyalli cikin rana. Na matsa. Gidan saurona ne. An kafa masa tirke huɗu, an ja shi tsaf, an danne gefensa da duwatsu, a ƙarƙashinsa kuma irin barkono ne ya tsiro kore shar. Kaji uku na zagaye shi suna leƙe, sun rasa ta inda za su shiga.

Inna ta fito tana tafa hannu. "Maraba da 'yar Kano! Kin ga aikin tsarabarki? Allah ya yi miki albarka. Shekara nawa kajin nan suna cinye min iri, bana kuwa sun ga ta kansu. Ku mutanen birni akwai hikima."

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ai na kwana ne. A kan gado ake ɗaura shi."

"Na sani mana, ɗana ya faɗa min. Na gwada daren farko, na ji kamar an sa ni a likkafani tun ban mutu ba. Ni da na shekara sittin ina kwana da sauro, yanzu ne za mu ɓata? Ai barkono ya fi ni buƙata."

Me zan ce? Tsaraba na ce, kuma mai tsaraba ba ya bin kayansa ya ga inda aka ajiye. Dabarata ta juyo ta cije ni.

Yarinyar na barci a ɗaki, don haka aka ce in shiga a hankali, kada ta farka ta gan ni aikin kwana tara ya rushe. Na shiga kamar mai neman wurin ajiye ƙullin kuka, na saci kallonta. Ta yi ɓulɓul, ba ƙarya, kunun Inna ya karɓe ta. Amma hannuwanta da kumatunta da bayan wuyanta duk ƙuraje ne jajaye, cizo a kan cizo. Zuciyata ta kawo iya wuya. Da a ce wata ce ba Inna ba, da ranar an ji mu har bakin kwalta. Na haɗiye, na fito ina murmushin da bai wuce leɓe ba.

Don in huce na zagaya bayan ɗaki in wanke fuska. A nan Inna ke jere randunanta, manya guda huɗu, ginin Gwari, masu zane a wuya, kowace a ƙarƙashin indararo tana tarar ruwan sama. Alfahari take da su, ta ce ruwansu ya fi na rafi daɗi da sanyi. Babu wadda ke da murfi. Na leƙa ta farko, sai na ga 'yan tsutsotsi ƙanana, ɗaruruwa, suna wutsil-wutsil, su taso sama su nutse. Na san su. Malamar kiwon lafiya ta zana mana su a allo muna aji uku na sakandare.

Tunda gaba da gaba ba ta yiwuwa, sai na koma hannunka mai sanda. Na kira ta da muryar marar wayo na ce, "Inna, ni ban san kan ƙauye ba. Waɗannan mene ne a cikin ruwa?"

"'Ya'yan ruwa ne. Alamar lafiya ke nan. Ruwan da kika ga abu mai rai a ciki ba ya cutarwa. Wanda ya yi shiru, shi ake tsoro."

"To in sun girma me suke zama?"

"Me za su zama? Nan suke, nan suke ƙarewa."

"Ni kuwa a makaranta an ce mana wai sauro suke zama."

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. "Sauro mai fiffike? Daga ruwa? To kifi ma ya kusa tashi sama. Kai, boko bai bar komai ba."

Na ce ni ma ban yarda ba, amma me zai hana mu gwada, mu ƙaryata malamar. Wannan ya yi mata daɗi. Na samo wata kwalba mai faɗin baki da ta taɓa zama ta man shafawa, na wanke ta tas, na kamfato ruwan da 'yan tsutsotsin a ciki, rabi. Na ce ita za ta rufe da hannunta, kada gobe a ce 'yar Kano ta yi sihiri. Ta yago ƙyalle daga wani tsohon ɗankwali, ta rufe bakin, ta ɗaure da zare ta yi masa ƙulli uku irin nata, ta kai ta ajiye a bayan jeren kwanoninta inda ba mai taɓawa.

"Sati mai zuwa ki dawo," in ji ta. "Ki zo da malamar taku ma in tana kusa."

Na koma Suleja ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ga hujjar sake zuwa na samu, ga nasara na hango. Satin nan kaf ina shirya abin da zan faɗa. Ina wanke-wanke ina maimaitawa, ina shara ina gyara kalmomi, yadda zan ce "ai ga shi nan, Inna" cikin ladabi amma ta ji a jikinta. Maigidana ya ce tunda ya aure ni bai taɓa ganin na ƙagu in ga surukata haka ba.

Ranar da na koma an kwana ana ruwa, hanya duk taɓo. Na yi sallama sau biyu kafin a amsa, kuma ba da muryar da na sani ba. Inna na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, yarinyar na kwance a cinyarta. Tukunyar sirace na gefe ta huce. A gabanta kuma ga kwalbar, ƙulli ukun nan na nan yadda ta yi su. A cikinta, a jikin gilashi da ƙarƙashin ƙyallen, sauro ne a maƙale, sun fi goma, wasu na ɗan tashi suna komawa.

Ban ko kalli kwalbar sau biyu ba. Yarinyar nake kallo. Idonta a lumshe, leɓenta ya bushe, numfashinta sama-sama. Na durƙusa a inda ya kamata in durƙusa, nesa kaɗan, na fara gaisuwa.

Inna ba ta amsa gaisuwar ba. Ta ce, "Tun shekaranjiya jikinta ya yi zafi. Na yi mata sirace, na hana ta masara. Jiya da safe na zo ɗaukar kwano, na ga wannan." Ta nuna kwalbar da haɓa. "Ni na ɗaure. Ba wanda ya kwance."

Ga wurin da zan ce "ai ga shi nan" ya zo. Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "'Yar Kano, mijinki ya taɓa faɗa miki su nawa na haifa?"

Na ce a'a. Ni dai na san shi da yayarsa da ke aure a Garam.

"Tara. Biyu suka tsaya. Sauran duk kamar wannan suke, wani ya fara tafiya, wani ya fara magana. Kuma duk da damina." Ta shafa kan yarinyar. "Na hana su mangwaro. Na hana su masara. Ashe ni ce nake kiwon abin a bayan ɗakina, ina ba shi ruwa mai sanyi."

Sati guda ina wasa wuƙa, ban taɓa tunanin inda za ta yanka ba. Na so in ci gardama ne kawai, in sa a ɗaura gidan sauro. Ban zo don in ɗora wa tsohuwa gawa bakwai a ka ba. Na ji kunyar kaina irin wadda ban taɓa ji ba.

Sai ta ɗago yarinyar ta miƙo min. Na ja baya, don a gabanta ban taɓa ɗaukarta ba. Ta daka min tsawa: "Karɓi 'yarki! Ajiye kunyar nan a gefe, ba ranarta ba ce. Ni kunya na yi ta yi, ta farin tawa tana zafi a hannun surukata, ina daka a tsakar gida kamar ban sani ba. Tashi mu tafi asibiti."

Na karɓe ta. Jikinta kamar garwashi. Ta buɗe ido ta gan ni, ta cusa kai a ƙirjina, ni kuma na fashe da kuka a gaban surukata, abin da ko a mafarki ban taɓa zaton zan yi ba. Inna ba ta tsaya kallona ba. Ta ja zane ta ɗaure, ta ɗauki kwalbar ta jefa a jaka, ta wuce gaba. Tafiyar rabin awar nan a cikin taɓo, tsohuwar nan ta bar ni a baya sau uku. A bakin kwalta ta tsaya tsakiyar hanya ta ɗaga hannu, wata akori-kura mai ɗauke da doya ta ci birki, direba na zagi. Ta ce masa, "Zagi daga baya, ɗana. Suleja za ka kai mu." Ya kai mu kuwa, har ƙofar asibiti.

Nas ɗin da ta karɓe mu wata Bagwariya ce, gajera, mai saurin hannu da saurin baki. Aka ɗebi jini a yatsa, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi allura, aka sa mu muna shafa mata ruwa da tsumma. Ta ce mun zo a kan lokaci, da mun ƙara kwana ɗaya da labari ya canza. Zuwa la'asar zafin ya fara sauka, yarinyar ta yi gumi, ta nemi ruwa.

A nan ne Inna ta zaro kwalbar daga jaka ta dangwarar a kan teburin nas. "'Yata, ke kin yi karatu. Duba min waɗannan. A randata aka haife su. Su ne suke kashe yara?"

Nas ta ɗaga kwalbar ta duba ta a hasken taga, ta kwashe da dariya. "Mama, har da sample kika zo mana? Wa ya koya miki wannan?"

"Surukata. 'Yar Kano ce."

"Ta yi ƙoƙari. Amma Mama, sauro kala-kala ne. Waɗannan na randa, cizo ne aikinsu, su hana mutum barci, wani lokaci su kawo nasu ciwon. Ki rufe randa, yana da kyau. Amma mai kawo wannan zazzaɓin ya fi son ruwan da ya kwanta a fili, rana na dukansa. Fadama, gefen rafi, gonar shinkafa, ko sawun saniya in ruwa ya taru a ciki. Kina kusa da rafi?"

"A bakinsa nake."

"To kin gani. Za ki iya kwashe rafi?"

Inna ta dubi kwalbar. Can ta ce, a hankali, "Wato ba randunana ba ne."

"Ko ba ki da randa ko ɗaya, Mama, zai zo. Da dare yake cizo. Maganinsa net, gidan sauro. Kuna da shi?"

Ni da Inna muka dubi juna. Na sunkuyar da kai ina danne dariya, hawaye bai gama bushewa a fuskata ba. Inna ta gyara zama ta ce, "Muna da shi. Yana wurin aiki."

Ban san irin godiyar da zan yi wa nas ɗin nan ba. Ta warkar min da 'ya, ta kuma sauke wa Inna rabin kayan da na ɗora mata. Ni ma ta rage min girman kai, don ashe ilimin nawa na aji uku rabi ne.

Kwana biyu muka yi aka sallame mu. Na ɗauka shi ke nan yaye ya rushe, yarinya ta dawo hannuna. Maigidana ma ya ce a bar ta a gida. Inna ta ce sam. An fara, sai an gama, kuma ba za a ce takwararta ta je gidanta ta dawo da ciwo shi ke nan labari ya ƙare ba. Wannan karon ni ma ban ji tsoro ba. Ta ce in biyo su in ɗaura abin da hannuna, tunda ni na san kansa.

Muka cire shi daga kan barkono, kaji na tsaye suna jira kamar an yi musu alkawari. Ya yi jaja-jaja da ƙasa, ga huda biyu inda duwatsu suka ci. Na wanke shi a rafi na shanya, Inna ta kawo allura ta toshe hudojin da ƙyallen atamfa mai ruwan ɗorawa, ɗinki ƙanana-ƙanana, ba ta bar ko kafar da tsinke zai shiga ba. Randunan kuwa tuni ta kifa wa kowace faifai ta ɗora dutse. Kafin magariba na buga ƙusoshi na ɗaura shi a kan gadonta, na nuna mata yadda ake cusa gefen a ƙarƙashin katifa. Ta sa na maimaita sau biyu, sannan ta yi da kanta sau biyu.

Yarinyar ta rarrafa ciki tana dariya, tana tura fuska a jikin ragar. Fadama ta fara amonta. Inna ta tsaya a bakin gado, ta kama gefen gidan sauron tana murza shi tsakanin yatsu biyu. Ta daɗe tana murzawa.

"Ɗan wannan abin," in ji ta. "Ko nauyin ɗankwali bai yi ba." Ba ni take wa magana ba. Ta saki, ta share ido da bakin zane, ta ce, "To, likkafani ko ba likkafani ba, matsa min, takwara." Ta tattare ƙafafunta ta shiga, ta cusa gefen da kyau ta ciki.

Wata guda da rabi yarinyar nan ta ƙara a can, ta dawo min da kumatu kamar an hura, ba cizo ko ɗaya. Barkono kuwa kaji suka cinye shi tas a kwana biyu. Shekarar nan Inna ba ta ga ko ƙwaya ɗaya ba, kuma duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ba shi labari: 'yar Kano ta ba ta kyauta ta ƙwace, ta bar ta da miya lami. Daga nan duk zuwan da zan yi sai na kai mata ƙullin barkono, ita kuma sai ta karɓa ta jinjina shi a hannu ta ce bai kai wanda ta yi asara ba. Haka muka yi ta yi shekara goma sha ɗaya.

Ranar da ta rasu, da matan gida suka shiga kwashe kayan ɗakinta, gidan sauron na nan a ɗaure. Ya yi baƙi, ƙyallen toshi ya fi ragar yawa. Na sha kawo mata sabo, ashe duk rabar da su take yi ga masu jego a ƙauyen. Aka tambaya ko akwai mai so, ana dariya. Na ce ni.